Bedin da Aka Sare Saboda Fitila

Baba yana da dundumi. Da rana idonsa garau yake, har zare yakan zura a allura ba tabarau, don tela ne mai aikin babbar riga tun kafin a haife ni. Amma da an sallame magariba, duhu ya fara sauka, sai duniya ta rufe masa ruf. An je asibitin ido, an ɗiga magani, an ci gasasshiyar hanta har ta gundure shi, abin bai sake shi ba. Duk da haka, tunda na yi wayo ban taɓa ganin ya yi isha'i ko asuba a gida ba. Ba ya taƙama da ɗinkinsa, ba ya taƙama da mu 'ya'yansa, amma jam'in nan kam yana ji da shi.

Gidanmu yana cikin wani lungu a Ƙofar Durbi, masallacin kuwa yana can gaba a ɗaya hannun. Tsakanin zaurenmu da bangon da ke kai mutum masallaci akwai ɗan fili, ga kwata ta ratsa, murfin siminti guda ne a kanta inda ake tsallakawa. A bakin kwatar nan akwai bedi, wanda Kanawa ke ce wa darbejiya, Baba ne ya dasa shi da hannunsa yana saurayi. Da shi yake gane hanya. Idan ya fito zaure sai ya miƙa hannun dama har ya dafa jikinsa, ya bi saiwar da ta fito waje da ƙafa, ita ce ke ajiye shi a kan murfin, daga nan sai bango, sai masallaci. Yana riƙe tocila, amma ya ce ba ta nuna masa komai sai yatsun ƙafarsa. A riƙe masa hannu kuwa, wannan hanyar ɓatawa da shi ce. Yayyena maza duk aiki ya kai su wasu garuruwa, ni kuma ina aure a Kambarawa, nakan zo yini.

Akwai ɗan gwaggona, taubashina ke nan, wanda ya yi sakandare a gidanmu. A ɗakin zaure ya kwana shekara da shekaru, a ƙarƙashin bedin nan ya yi karatun jarrabawa. Ina ce masa sarkin ƙanzo don ba ya barin gindin tukunya ya huta, shi kuma yana ce mini masifatu, kuma ban ce ya yi ƙarya ba. Ya karanta tsara birane, ya sami aiki a wani ofishi da ke shirya inda za a kafa fitilun titi. Baba yana son yaron nan kamar shi ya haife shi, har mukan yi masa ƙorafi.

Ana saura kwanaki a kama azumi ya zo gidan da fara'arsa har kunne. Ina nan ranar. Ya durƙusa ya gaida Baba, aka tambayi gwaggo, aka tambayi iyali da aiki da zafi, sannan ya ce ya zo da albishir. Za a sa wa gari fitilun sola, kuma ya tsaya kai da fata sai da aka sa lungunmu a cikin tsarin. Guda za ta tsaya daidai ƙofar gidanmu.

"Kawu, hasken ga kamar rana yake," in ji shi. "Ka aje tocila. Har allurarka in ta hwaɗi ƙasa sai ka tsince ta."

Baba ya taɓa bi ta wani titi mai irin fitilun a mota, ya san idonsa yana kama haskensu. Na ga yadda fuskarsa ta sake. Sai ɗan gwaggo ya ɗan sosa ƙeya ya ce matsala ɗaya ce. Farantin da ke kan fitilar rana yake sha, bedin kuma ya rufe wurin duka, in ba a sare shi ba 'yan kwangila za su tsallake mu.

Na ce, "Kai sarkin ƙanzo, iccen da ya raine ka za ka sa a kashe?"

Ya yi dariya ya ce in bari manya su yi magana. Baba ya juya ya dubi wajen bedin. Can ya ce ya yarda, amma a bari mutane su sha inuwar azumi, bayan salla a sare. A daren nan ya sanar a masallaci cewa ɗansa ya samo wa unguwa fitila. Ɗansa ya ce, bai ce ɗan ƙanwarsa ba.

Bayan ƙaramar salla masu gatari suka zo. Ɗan gwaggo ya zo shi ma, ya tsaya da hannu a aljihu, shi ne ma ya nuna musu gefen da za su kayar da shi kada ya taɓa wayar lantarki. Na lura ba ya surutu kamar yadda ya saba, na tsokane shi na ce ko matarsa ce ta hana shi kalaci, ya yi murmushin yaƙe kawai. Da bedin ya faɗi ƙasa ta girgiza, ƙofar gidanmu ta yi fayau, har mutum ya ji kunyar tsayawa a wurin. Inna, mahaifiyarmu, ta shige ɗaka ta ƙi fitowa. Baba ya sa aka faskara itacen aka rarraba wa maƙwabta, aka tone kututturen, samarin unguwa suka gyara ramin daidai zurfin da ɗan gwaggo ya ce turken fitila yana bukata. Baba ya samo tsohon kwanon rufi ya rufe bakinsa, ya danne da dutse.

Daga nan sai jira. Da rana Baba ya koma ɗinki a cikin zaure, cikin zufa, dattawan da ke zama da shi a inuwa suka watse ɗaya bayan ɗaya. Da dare kuwa ya koma lalube. Yakan fito ya miƙa hannu bisa sabo, ya kama iska, sai ya tsaya ya yi ta shara da ƙafa yana neman murfin kwata. Wani lokaci yakan isa an yi raka'a. In na yi magana sai ya ce mini, "Ke dai kin cika gaggawa. Aikin hukuma ne, yaron ya ce suna tahe." Duk safiya yana ɗaga kwanon ya kwashe ledojin da iska ta tura cikin ramin, don kada masu aiki su zo su tarar da shi a cike.

Fitilu kuwa sun zo gari. Daga hanyar filin jirgi har shataletale aka jera su reras, farare tas, tazararsu ɗaya. Ƙofar gari aka kafa mata wasu a ƙasa masu ruwan ɗorawa, suna haska ginin daga gindi zuwa sama. Wata rana maigidana ya biyo da ni ta wurin bayan magariba, na ga samari da 'yan mata suna ta ɗaukar hoto. Ba zan yi ƙarya ba, abin ya yi kyau, kuma kyan ne ya fi ƙona mini rai. An haska bango wanda ba ya zuwa ko'ina, ga tsoho can cikin lungu yana neman hanya da tafin ƙafa. Ɗan gwaggo kuma ya ɗauke ƙafa daga gidanmu, in an kira shi a waya sai ya ce yana taro.

Da damina ta sauka, aka yi wani ruwa da marece mai iska, ya ture dutsen ya janye kwanon. Baba ya fito isha'i, ƙafarsa ta hagu ta zurma cikin ramin har gwiwa. Masu wucewa ne suka ciro shi, jikinsa duk taɓo, hularsa a cikin kwata. Allah ya taƙaita, targaɗe ne ba karaya ba, mai ɗori ya gyara, aka ce ya zauna sai ta warke. Na kwaso kayana na dawo gida jinya.

Ɗan gwaggo bai zo dubiya ba, matarsa ya turo da lemo da kankana. Yarinya ce mai kirki, ba ta iya ɓoye abu ba. Muna madafa ina dama kunu, sai ta ce wallahi maigidanta ya fi kowa damuwa, don tun cikin azumi da aka cire lunguna daga aikin ya kasa cin abincin kirki, ko buɗa baki sai ta yi da gaske.

Na ajiye ludayin. Na ce, "Tun cikin wane wata?"

Ta ce, "Azumi mana, Yaya. Tun goman hwarko." Sai ta ga fuskata, ta kama bakinta.

Tun goman farko. Bedin yana tsaye a lokacin, da ganyensa da komai, mutane suna kwance a ƙarƙashinsa suna jiran la'asar. Ban san sanda na yafa mayafi na fita na tari kurkura, keken nan mai ƙafa uku, ba.

Na same shi a ofis, ga wata ƙatuwar taswirar gari a bango, manyan tituna an bi su da ɗigo-ɗigon rawaya. Ya miƙe yana cewa, "A'a, masifatu, yau ke ce a..." Na ce ya riƙe wasansa, ba shi ya kawo ni ba. Ko gaisawa ban bari mun yi ba, abin da ban taɓa yi wa kowa ba.

"Ka san an cire lungunmu tun cikin azumi?"

Ya zauna. Ya ce manya ne suka canza shawara, suka ce a fara da fuskar gari, wai baƙo in ya sauka da dare abin da ya gani shi zai tafi da shi yana ba da labari. Lunguna sai zagaye na biyu. Na ce yaushe ne zagaye na biyun, ya kau da kai ya dubi taswirar.

"To mi ya hana ka hwaɗa kahin a sare iccen?"

"Da wane baki?" in ji shi, murya ƙasa-ƙasa. "Kawu ya riga ya sanar a masallaci. Na zo ƙohwar gidan ya hi a ƙirga, in na hango shi zaune sai in juya. Kunya nike ji, wallahi. Na ɗauka zan samo ko guda ɗaya ta bayan hwage kahin a gane."

"Kunya ta hana ka magana, amma ba ta hana ka nuna ma masu gatari inda za su kada shi ba."

Na wanke shi tas, har wani abokin aikinsa ya leƙo ya koma. Da baƙo ne ya yi mana haka, da na ce halin 'yan kwangila ne, na tofar da yawu na wuce. Amma wannan ya san yadda Baba ke zuwa masallaci, ya sha jin tafin hannunsa a jikin bedin daga ɗakin zaure. Kalma ɗaya ce za ta ceci iccen, ya zaɓi ya tsare fuskarsa. Da zan fita ya biyo ni har bakin ƙofa yana roƙo don Allah don Annabi kada in gaya wa Kawu. Na ce ni ba irin kunyarsa gare ni ba.

A ranar na gaya wa Baba, yana kishingiɗe da ƙafa a kan matashi. Na zaci zai yi faɗa, har ina so ya yi, ko na sami abokin fushi. Bai yi ba. Ya daɗe yana jan carbi, sannan ya ce, "Da ya zo ya hwaɗa mani, ai ni zan ba shi haƙuri." Can kuma ya ce a kira samari su cike ramin.

Da ƙafar ta warke, ranar da mai ɗori ya ce zai iya takawa, ina nan ban koma Kambarawa ba. Aka kira isha'i. Baba ya yi alwala, ya sa hula, ya ɗauki tocila ya nufi zaure yana ɗan ɗingishi. Na bi shi a hankali na tsaya daga ciki. Maƙwabcinmu ya zo wucewa ya ce, "Malam, mu tahi tare mana." Baba ya ce ya yi gaba, yana nan tafe. Ya tsaya a bakin ƙofa yana fuskantar filin, ya ɗaga ƙafa ya mayar. Yana nan tsaye har muka ji an tayar da iƙama, har liman ya yi kabbara.

Sai ya juyo ya dawo tsakar gida, ya ce wa Inna ta shimfiɗa masa abin salla. Inna ta shiga ɗaki ta fito, ta sake shiga, ta rasa abin da za ta ɗauko, don gidan nan ba a taɓa ajiye wa Baba darduma ba, a jinyar nan ma a zaune ya yi ta salla a kan shimfiɗarsa. Daga ƙarshe ta kawo tata, 'yar ƙarama mai ƙanshin turaren wuta. Ya taka ta, ya tambaye mu ko ya daidaita da gabas, na ɗan juya masa kafaɗa.

"Ku matso bayana," in ji shi. "Mutum ukku ma jam'i ne."

Muka tsaya ni da Inna. Ya yi kabbara, ya fara Fatiha, lasifikar masallaci tana kawo karatun liman ta kan katanga. A tsakiyar sura muryarsa ta sarƙe, muna tsaye a bayansa muna jira ya ci gaba.