Kusurwar Zauren Kakana

Zaurenmu yana daidai inda lungu ya karya kwana, a tsohuwar unguwa cikin garin Kusada. Kakana ne ya sa aka gina shi da tubali da azara. Rufinsa ɗaurin guga ne, wato bakan gizo biyu na ƙasa suka gitta juna suka ɗauki rufin, babu ginshiƙi a tsakiya. A cikinsa mahaifina ya yi ɗinki har idonsa ya gaza, a cikinsa ni ma na ajiye keken ɗinkina. Ko a tsakiyar bazara, in ka shigo sai ka ji sanyi kamar ka leƙa randa.

Ni mutum ne mai yawan damuwa, gara in faɗa tun yanzu. In na kulle ƙofa sai na dawo na taɓa kwaɗon. In na yanka yadin mutum sai na sake aunawa, alhali yankan ya riga ya wuce. A firamare karatuna ya tsaya, don haka duk takardar da aka buga wa hatimi tana yi mini kwarjini.

Shekarun baya mutane suka fara rushe fuskokin gidajensu suna yin shaguna na bulo da kwano. Kowa ya tashi gini sai ya ɗan ci lungu, ruwan kwanonsa kuma ya riƙa dukan bangon ƙasar maƙwabci. Da rigima ta yi yawa, aka zauna a ƙofar masallaci bayan la'asar, aka amince cewa a tsohuwar unguwa ba wanda zai taɓa bangon da ke kallon lungu sai mutum uku sun zo tare sun duba. Na farko mai unguwa. Na biyu wani tsohon magini, abokin mahaifina, wanda nake kira Baba. Na uku wani ɗan unguwarmu da ya yi aikin gine-gine har ya yi ritaya ya koma Kankiya da zama, kowa Injiniya yake ce masa. Ni ne na ɗaga hannu a taron na ce a rubuta a takarda, don kada gobe wani ya ce bai ji ba. Aka rubuta, mai unguwa ya buga hatimi.

Bayan shekara biyu, a ƙarshen rani, na ga tsaga a bangon zaurenmu ta wajen lungu, dab da kusurwa. Da farko tsinken tsintsiya ne kawai ke shiga. Kullum da safe kafin in buɗe keke sai na je na gwada. Cikin sati uku ɗan yatsana ya shiga.

Na je wurin mai unguwa na faɗi na yi gaisuwa, na gaya masa. Ya ce sai sun haɗu su uku. Na je wurin Baba, ya taso da sandarsa ya zo shi kaɗai. Ya shafa bangon, ya ƙwanƙwasa shi da bayan hannu, ya durƙusa da ƙyar ya ɗebi ƙasar gindin ya murza.

Ya ce, “Gindin ne ya sha ruwa. Ko da wasa kada ka shafa mai siminti, rufe shi za ka yi da ciwonsa.”

Na ce, “To me zan yi, Baba?”

“Ni kaɗai ba ni da baki, ɗana. Ba kai ka ce a rubuta ba?”

Injiniya kuwa an yi masa aikin ido a Kano, yana can wurin 'yarsa yana jinya. Sau biyu ina shiga mota zuwa Kankiya in ji ko ya dawo, sau biyu ina dawowa da “sai wani satin”. Ba laifinsa ba ne, na sani. Amma hadari ya fara haɗuwa a gabas kullum da yamma, ni kuma in ina taka keke idona yana kan rufi. Bakan gizon nan a kan bangon yake zaune. In bangon ya buɗe, rufin ya tafi, kuma duk garin ba sauran mai iya ɗaura irinsa, don hannun Baba rawa yake yi ko kofin shayi ya riƙe.

Ran da aka yi ruwan shuka, matata ta same ni tsaye ina tura yatsa biyu a tsagar.

Ta ce, “Malam, zauren nan na kakanka ne ko na takarda? Da wani ne da tuni ya tokare abinsa.”

Na zare yatsuna na koma kan keke. Amma washegari na kwaɓa ƙasa, na bar ta ta kwana biyu. Na zaɓi safiyar da na san maza duk sun fita shuka, kuma wannan zaɓen har yau yana ci mini rai, don wanda ya san yana kan daidai ba ya jiran unguwa ta watse. Na gina matokari a jikin bangon daga waje, mai faɗi a ƙasa, yana tsukewa zuwa sama. Kusurwar zauren dama ba ta da kaifi, a lanƙwashe take kamar gefen tukunya. Tun ina yaro na ɗauka ruwa ne da gogar kayan jakuna suka cinye ta. Sai na cike wurin da ginina, har ina jin na gyara abin da ya lalace. Na auna da hannuna, taƙi biyu na ci daga lungu. Na tsaya na ga jaki da mangala ya wuce, na ga babur ya wuce. Na ce wa kaina ban tare wa kowa hanya ba.

Mutane suka gani, ba wanda ya tanka, sai mutum ɗaya. Can ƙuryar lungun akwai wata tsohuwa mai daddawa, sa'ar kakata, wadda tun ina rarrafe take ce mini mijinta. Ta fito da sandarta ta tsaya tana kallon ginin.

Ta ce, “Mijina, cefane ya gagare ka, ashe zaure kake ciyarwa. Ga shi har ya yi tumbi.”

Na ce, “Ke dai kin tsufa, amarya zan yi, shi ya sa nake gyara.”

“Wa za ta aure ka da wannan ƙeyar? Ka dai bar mini hanya, ta nan za a fita da ni.”

Muka yi dariya, ta wuce. Maganar ta tsaya mini a rai har yamma, sannan na kore ta.

Ba a yi wata ɗaya ba tsohuwar ta rasu, da hantsi, bayan zazzaɓin kwana uku. Aka yi mata sutura, aka ɗauko makara daga masallaci. Shiga da makarar ba wuya, mutum ɗaya ne ya ɗauke ta a tsaye. Da aka fito da gawa ina cikin huɗun farko, ina riƙe da hannun baya na dama. Muka zo kwana. Na gaba suka juya, sai ƙarfen makarar ya daki matokarina. Muka ja da baya, muka sake gwadawa, ya sake dukansa. Wani dattijo daga baya ya ce a hankali, “A ɗan karkata.” Muka karkata makarar. Na ji nauyin gawar ya zamo ya dawo gefena, har wani ya sa hannu ya tare ta ta saman tabarmar da aka rufa. Haka muka wuce da ita a karkace, ƙasar ginina tana zuba a kafaɗata.

Ba wanda ya dube ni. A maƙabarta ma ba wanda ya ce komai, haka wajen zaman makoki. Ɗanta ya karɓi gaisuwata da hannu biyu, ya ce Allah ya ba da lada. Da ya zage ni da na fi samun sauƙi. Kwana uku in na ɗauki loma sai in ji nauyin nan a hannuna na dama.

Ran sadakar uku na wuce gidan mai unguwa na ce na zo kawo ƙara.

Ya ce, “Ƙarar wa?”

Na ce, “Ƙarar kaina, ranka shi daɗe.”

Ya ce shekararsa ashirin da wani abu yana wannan aiki, bai taɓa ganin akuya ta kai kanta mahauta ba. Amma ya aika Kankiya, aka yi sa'a Injiniya ya dawo, ranar Asabar suka zo su uku.

Injiniya ya zo da baƙin tabarau da tef ɗin awo. Ya ja tef daga matokarin zuwa bangon da ke fuskantarsa, ya rubuta a ɗan littafi, ya ce a lissafinsa faɗin bai yi muni ba. Baba ya yi tsaki.

“Tef ɗinka ya taɓa ɗaukar gawa? A ɗauko makara.”

Mai unguwa da Baba taubasai ne, ba sa haɗuwa ba su taɓa juna ba. Mai unguwa ya ce, “In gwaji za a yi, ai sai ka hau, tsoho. Ka ga ka fara sabawa.”

Baba ya ce, “Kai za a ɗora, ka fi ni nauyin alhaki.”

Aka yi dariya, ban da ni. Aka kawo makara. Baba ya sa matata ta miƙo ƙwarya cike da ruwa, ya ajiye ta a tsakiyar makarar, ya ce haka maigidansa ya koya masa awon lungu: mutum huɗu su ɗauka su karya kwana, in ruwa ya zube, lungu ya ƙuntata. Muka ɗauka, ni na koma hannun baya na dama. Muka zo kwana, ƙarfe ya daki gini, muka karkata. Ƙwaryar ta gangaro, ruwan ya jiƙa mini gaban riga.

Baba ya zo ya ɗora tafinsa a kan matokarin, daidai inda na cike.

Ya ce, “Ka san abin da ka rufe a nan? Ina yaro ina miƙa tubali aka gina zauren ga. Kakanka da bakinsa ya ce a sassaƙe kusurwar, ya ba da taƙi biyu daga cikin zaurensa, don mutanen ƙurya su fita a miƙe. Ba ruwa ya ci ta ba.”

Ban san inda zan sa idona ba. Shekara arba'in da 'yan kai ina wuce wannan kusurwa.

Suka koma gefe suka yi shawara, ina jin rabin maganar. Injiniya ya ce in aka cire matokarin a tsakiyar damina bangon ba zai kai kaka ba, ko an tokare shi daga ciki. Baba bai musa ba. A ƙarshe mai unguwa ya kira ni ya ce sun yi mini sassauci: matokari ya tsaya har ruwa ya ɗauke, sannan a cire shi, a gyara gindin bangon a fitar da kusurwa yadda take. In Allah ya kawo rasuwa a ƙurya kafin nan, sai a san dabara.

Na yi godiya. Matata ta ce alhamdu lillahi, magana ta ƙare. A wurina kuwa ba ta ƙare ba. Na zauna a kan keke na kasa taka shi, ina lissafa tsofaffin da ke bayan kwanar nan. Akwai makaho mai tuƙar igiya, akwai wata gwaggo da ba ta ƙara fita ba tun bara, akwai liman na da. Kuma mutuwa ba ta tambayar shekaru. Duk wanda na ji yana tari a ƙurya sai gabana ya faɗi. Na kai ga in na ji an yi sallama da sassafe sai in ɗauka sanarwar rasuwa ce. “A san dabara” ɗin nan na san ma'anarta, a hannuna ta faru.

Kwana tara na yi a haka. A na goma na koma wurin mai unguwa na ce ina neman izinin cirewa yanzu. Ya ce in je in yi tunani. Na ce tunanin ne ya hana ni sakat. Ya aika wa sauran biyun, suka ce zaurena ne. Baba ya zo ya nuna mini inda zan kafa azara huɗu daga ciki, ya ce in fitar da keke, kada kowa ya ƙara zama a wurin. Na ɗauki diga na rushe matokarin da rana tsaka, ranar da kowa yana gida. Na kwashe ƙasar har sai da lanƙwasar kakana ta fito.

Bangon ya yi sati biyar. Cikin Agusta aka kwana biyu ana ruwa ba ƙaƙƙautawa, a rana ta uku wajen azahar muna cikin gida muka ji kamar an sauke buhuna daga mota. Ba kowa a lungu, Allah ya tsare. Da na fito, sama nake gani ta inda bakan gizon yake.

Da rani suka zo su uku suka duba, suka amince da sabon gini: na ƙasa, ƙofa a inda take, indararo yana zuba a inda yake zuba, kusurwa a lanƙwashe. Rufin dai shimfiɗar azara aka yi. Baba ya zauna a kan turmi yana nuna wa magina da sanda, da aka zo rufi ya tashi ya tafi gida.

Duk daminar nan ba wanda ya rasu a ƙuryar lungunmu. Makaho yana nan yana tuƙa igiyarsa har yau. Matata ba ta taɓa faɗa mini wannan ba, ni nake faɗa wa kaina, in zafi ya dame ni a sabon zauren na ɗaga kai na ga azara a jere. Wani lokaci in ce da na yi haƙurin wata biyu da zauren kakana yana tsaye. Wani lokaci in tuna nauyin nan da ya dawo hannuna. Na tambayi Baba sau ɗaya wanne ne daidai. Ya ce in kawo masa rigarsa da ya kawo ɗinki na riƙe tun kafin salla.