Ranar da Muka Wanke Tabkin Yaya Illa

Daminar nan da ta wuce ita ce ta goma tun da aka rufe wana, Illa, a maƙabartar ƙauyenmu da ke yamma da Deule. Na daɗe ina son in rubuta wani abu a kansa, sai in ɗauki alƙalami in sake ajiyewa. Shi ne ma ya tura ni ajin yaƙi da jahilci ina da ƴaƴa uku, don haka idan rubutun ya karkace, da hannunsa a ciki.

Illa malamin gona ne, monita muke ce masa. Bayan babbar yunwar nan da ta share mana dabbobi, ya zo da wata shawara da ta ba kowa dariya: wai zai sa kifi a tabkinmu. Ya je har Keita ya ɗauko ƴan ƙananan karfasa cikin ganga bisa amalanke, duk rijiyar da ya tarar sai ya tsaya ya sauya musu ruwa. Mutane suka ce monita ya taɓu. Shekara na zagayowa aka fara jin ƙamshin miyar kifi a gidajen da suka manta ɗanɗanon nama, masu dariya suka daina.

Amma mu mata masu ɗiban ruwa, tabkin nan azaba ne a gare mu. Gansakuka ta rufe shi, kore shar. Kafin ki cika tulu ɗaya sai kin ture ta da ƙwarya, kin tace da gefen zane, kin sake tacewa, duk da haka maigida ya kurɓa ya ɓata fuska. Mun gaji, gajiya ta gaske.

Sai muka lura da wani abu. A gefen da masu feshin auduga suke ɗauraye famfunansu, gansakukar takan yi fari ta nutse, ruwa ya yi garau. A mangazar da Illa yake ajiye kayan aiki kuwa akwai gangar man da ake sirka maganin feshin da shi. Ba maganin ba, man kawai, muka ce ai shi ne yake wanke ruwan. Ƙamshinsa kusan na man gyaɗa, kuma Illa da bakinsa ya taɓa cewa daga man tsirrai aka sarrafa shi. Na roƙe shi ya sam mana kaɗan.

"Hadiza, kak ki soma," in ji shi. "Man ga an juya shi, ba shi tsayawa bisa ruwa awa na gyaɗa, shiga shikai ciki. Gansakuka ita ta abincin kihi, ita ka ba ruwa rai. In ta mace, tabki ya mace."

Na ce, "Haba Yaya, abin da anka yi da mai na ci, mi za shi yi ma ruwa?"

Ya yi dariya, ya ce kaina ya fi dutsen Adar tauri.

Ranar kasuwar Buza ya tafi. Na shiga gidansa na zare makullin mangaza daga ƙusar da yake rataye shi, mu shida muka ɗebi man a tukwane muka juye a tabki, har da guɗa. Kwana biyu ruwa ya yi garau, ana hango ƙasa. A kwana na huɗu wari ya tashi. Gansakukar da ta nutse ta ruɓe, kifi suka taso suna buɗe baki a saman ruwa, kafin azahar duk sun juya ciki sama, fari fat. Na ga Illa cikin ruwa har ƙugu yana tsince su ɗaya bayan ɗaya.

Da manyansa suka zo daga Madawa suka tambayi wanda ya buɗe mangaza, ya ce shi ne ya bar ta a buɗe. Ina tsaye bayan danga ina ji, ban fito ba. Aka karɓe aikin daga hannunsa. Ya koma noman albasa a fadama, bayan shekara huɗu ciwon ƙirji ya tafi da shi. Har ya kwanta dama ban gaya masa ba, kuma abin bai bar ni na huta ba ko rana ɗaya.

Yanzu duk inda ka duba a kwarin Keita mata ne da duwatsu a ka, ana datse ruwa, yana kwantawa inda da tsandauri ne. An ce har an sa kifi a wasu wurare. Nakan ce da Illa yana nan da ya yi murna. Sai kuma in hango wani ya tsuguna bakin ruwa yana ɗauraye famfon feshi, in san da ransa ya ɓaci. Nakan yi magana. Ɗaya ya ji, sauran su ce Hadiza ta fara, har ni ma bakina ya gaji. Tabkinmu kuwa gansakuka ta dawo masa bayan damina biyu, kifi ne dai ba wanda ya sake ɗaukowa.

Makon jiya da muka yi masa sadaka, na sami matarsa Zainabu wajen tukwane na faɗa mata komai. Ko ɗago kai ba ta yi ba daga tuƙin tuwo.

Ta ce, "Ai ya sani tun ran nan. Ya iske makulli duk maiƙo, ga sawunki bakin ƙohwa. Nic ce shi yi miki magana, yac ce a bar ki. Yac ce shekara biyu shina tunanin kihi, bai taɓa tace tulu guda ba."

Har yau ban san inda zan ajiye wannan magana ba. Kifinsa babu, aikinsa babu, ko hotonsa ba mu da shi. Abin da ya rage mini shi ne mutumin da aka kashe wa tabki, ya zauna ya lalubo nasa laifin ya bar mini nawa in ɗauko da kaina. Shekara goma sha huɗu na yi ina hanya. Allah ya jiƙanka, Yaya. Ni ce na ɗauki makullin.