Gyaɗar da Ba Ta Zuwa Kasuwa

Litinin: Gusau zuwa Talata Mafara

Ƙarfe biyar da rabi na asuba Malam Bawa direba ya tsaya a ƙofar gidanmu a Gusau. Kayana na tsakar gida tun jiya: sikeli biyu, ƙarami na auna abinci da babba na auna yara, akwatin sanyi, ƙananan ledoji masu lamba, da takardun tambayoyi. Mahaifiyata ta rako ni har zaure. Sai da na sa ƙafa a mota ta ce, "Maryama, kada la'asar ta same ku a hanya." Abin da ake faɗa wa matafiyi ke nan yanzu.

Mun fito da wuri, amma ba mu bar gari ba. A bakin gari muka tarar da motoci jere, kowa ya kashe inji yana jiran motocin farko su iso daga can. Bakwai saura kwata wata babbar mota ta ɓullo, direbanta ya ɗaga hannu ya ce hanya lafiya. Sai kowa ya tashi a tare.

Ga wanda bai san aikina ba, ga shi a taƙaice. Akwai wata guba da fumfuna ke bari a jikin gyaɗa da masara idan ba su bushe sosai ba. Ido ba ya ganinta, dafuwa ba ta kashe ta, tana cin hanta a hankali, tana kuma tauye girman yaro. Sanin cewa tana cikin abinci bai wadatar ba. Sai an san yawan abin da yaro ke ci a rana, da nauyin jikinsa, domin ludayi uku na kunu a cikin ɗan shekara biyu ba ɗaya ba ne da ludayi uku a cikin babansa. Don haka nake shiga gida gida ina tambayar uwa abin da ɗanta ya ci jiya, in auna, in ɗauki samfur zuwa ɗakin gwaji, daga baya a haɗa lissafi.

Shingaye bakwai na ƙirga kafin mu shiga Talata Mafara da ƙarfe tara da minti arba'in. Na sauka a gidan Malama Rabi, ma'aikaciyar lafiya ce ta wajen shekara ashirin a yankin, kuma ita za ta shigar da ni gidaje. Ta ajiye mini hoce, wainar dawa irin ta yankin, da ƙuli da ruwan randa. Tana duba takarduna ta ce, "Nan in kin ce gyaɗa za su gane, amma su gujiya suke cewa. Ki faɗa yadda suke faɗi, za su fi sakin jiki." Kafin magariba mun shiga gida takwas.

Talata: kasuwa

Ranar kasuwa ce, garin ya cika tun hantsi. Na bi layin masu gyaɗa na sayi rabin tiya wajen mutum biyar daban-daban, kowace na zuba a ledarta na rubuta lamba. Tiya naira dubu uku da ɗari biyar. Gyaɗar ta ba ni sha'awa: manya-manya, jajaye, babu ko guda mai baƙi. Wani dattijo ya tura hannu cikin buhu har gwiwar hannu ya ɗebo daga ƙasa. "Duba, Malama. Sama da ƙasa duk ɗaya."

Da azahar shugaban aikinmu ya kira ni. Ya ce samfuran kasuwa da aka kai a zagayen farko, kafin wannan tafiyar, sun fito, gubar ba ta da yawa, idan aka haɗa da abin da iyaye mata suka ce yara na ci, babu abin tada hankali. Ya ce in gama in dawo mu rufe rahoto. Na ji daɗi ƙwarai. Har na fara tunanin ko mu fasa zuwa Maradun.

Laraba: Bakura

Mun tashi takwas da rabi, minti arba'in ya kai mu. Ƙasar shinkafa ce, gonaki kore har inda ido ya tsaya. Mun yi gida goma sha ɗaya. A ɗaya daga ciki matar gidan ta ce ɗanta ya ci nama jiya, safe da dare. Malama Rabi ta yi dariya ta zauna kusa da ita a tabarma. "Yaya, ba rabon kaya muka zo ba, kuma ba mu zo ganin gazawar kowa ba." Matar ta sunkuyar da kai ta ce ɗumame ne da safe, fura da rana. Na soke abin da na rubuta.

Muna cin shinkafa da kifi a bakin tasha sai Malam Bawa ya dawo daga wajen direbobi fuskarsa a ɗaure. An ga babura da yawa sun ratsa daji ta ɓangaren Maradun jiya da yamma. Babu wanda ya san inda suka nufa.

"Gobe in za mu je, ga sharaɗina," in ji shi. "Mu shiga ƙarfe goma, ƙarfe ɗaya mota ta juyo. Ko kun gama ko ba ku gama ba."

Na amince.

Alhamis: Maradun da Tsibiri

Mun ratsa Maradun goma saura, muka gaida mai unguwa, muka wuce wasu gidaje a gefen Tsibiri. Hanyar shiru. Gonaki da yawa an bar kara a tsaye ba a yanka ba. Malam Bawa ya juya kan mota ya fuskanci hanyar fita kafin ya kashe ta.

Mun yi gida biyar da sauri. Amsar kusan iri ɗaya ce: kunun gujiya da safe, kunun gujiya da rana, tuwo da dare. Na rubuta, na auna da kofin da suke ba yaran, na wuce. Ban ɗauki samfurin gyaɗa ba, tunda ina da na kasuwa, kuma daga irin waɗannan gidajen take fitowa.

Gida na shida na Malam Isa ne, manomin gyaɗa. Matarsa Saratu ta miƙo mini 'yarta Na'ima in ɗora a sikeli. Ta ce shekararta biyu da wata huɗu. Na duba allurar sikelin, na sauke yarinyar, na sake ɗora ta. Ba sikelin ba ne. Nauyinta na 'yar shekara ɗaya ne. Ba ta yi kuka ba, kallona kawai take yi.

"Tana ci kuwa?" na tambaya.

"Tana sha ƙwarai. Kunu sau huɗu. Ba ta son tuwo."

A gindin rumbu wata tsohuwa na zaune da faifai biyu, mahaifiyar Malam Isa ce, Inna Kulu suke ce mata. Tana tsintar gyaɗa, tana jefa mai kyau a buhu, tana jefa wata a ƙwarya. Na ƙarasa na durƙusa na gaishe ta, na leƙa ƙwaryar. Duk ƙanana ne, sun motse, wasu sun yi baƙi, wasu da kore-kore a tsaginsu.

"Inna, wannan ta kaji ce?"

Ta dube ni kamar na yi maganar yara. "Kaji? Wagga ita muka ci. Waccan ta kasuwa ce, ita ka kawo kuɗi. Ruwan ƙarshe ya daki gujiya tana shanya, wa za ya sayi wagga? Sai mu soya mu niƙa. In ta ji wuta ɗacin na raguwa."

"Kunun Na'ima fa?"

"Da ita."

Na zauna a ƙasa. Gyaɗar kasuwa ta yi kyau ne saboda an tsince mata duk abin da ya lalace, kuma abin da aka tsince yana nan cikin kofin yara. Mun auna abin da suke sha daidai, amma mun gwada gyaɗar da ba su taɓa sha ba. Rahoton da za mu rufe zai ce lafiya lau.

Agogona ya nuna ɗaya saura minti ashirin. Na fita wajen Malam Bawa na ce sai na koma gidaje biyar ɗin nan.

"Malama, mun yi magana."

"Mun yi. Ina roƙon awa ɗaya."

"Ni ma ina da ɗiya a gida," ya ce. "Ba gyaɗa za ta kashe mu ba yau."

Gaskiya ya faɗa. Malama Rabi ce ta ce mu rabu biyu, ita ta ɗauki gida uku ni biyu, minti arba'in. Ya dubi hanya, ya dube mu, ya ce ƙarfe biyu zai tada mota ko da mutum ɗaya ne a ciki.

A kowane gida tambaya ɗaya muka yi: a nuna mana wadda ake yi wa yara kunu da ita. Duk biyar suka fito da irin ƙwaryar nan. Muka ɗebi gyaɗar, muka ɗebi garin da aka niƙa. Na koma wajen Saratu na ɗebi nasu samfurin, na roƙe ta ta daina ba Na'ima wannan, ta ɗebi ta buhu, ta kuma kai yarinyar asibiti wajen Malama Rabi. Inna Kulu ta saurara har na gama.

"To in mun zubar, ɗiyata, mi za su ci?"

Na ce ban ce a zubar da komai yau ba, amma ƙaramar dai a cire ta daga ciki. Saratu ta ce sai mai gida ya dawo daga gona. Mota ta yi hon.

Hanyar komawa

Biyu da minti goma muka tashi. Babu mota gaba, babu baya. Bayan kamar kilomita shida muka hango itace a gicciye da mutane huɗu da bindigogin gida. Da safe babu shinge a wurin. Ya rage gudu, na ga hannunsa ya koma kan giya yana shawarar juyawa. Malama Rabi ta leƙa ta ce, "'Yan sa-kai ne, na san mai jar hular nan."

Sun sa mu fito. Babbansu, wani dogo mai furfura a gemu, ya buɗe akwatin sanyi ya ga ledoji masu lamba cike da gari, sannan ya ɗago ƙaramin sikelin.

"Wanga na auna zinari ne. Wa kuka kai wa kaya cikin daji?"

Na miƙa katin aiki, bai ko duba ba. Ɗaya daga cikinsu ya karɓe makullin mota. Na fara bayanin fumfuna da hanta, maganar ta ƙi haɗuwa. Mai jar hula ya ce ya san Malama Rabi, ita ta yi wa matarsa awon ciki, amma baƙuwar ce bai sani ba. Minti ashirin muna tsaye a rana, kowa na waiwayen daji, su ma har da su.

Malama Rabi ta kwance leda ɗaya ta zuba wa babban nasu gyaɗar a tafin hannu. "Baba, ga zinarin. Tauna."

Ya jefa guda a baki, ya tofar nan take. Ya juya sauran da yatsa.

"Wagga ai tsinta ce. Mi za ku yi da ita?"

Na ce gwadawa za mu yi, muna zargin tana cutar da ƙananan yara idan suna sha kullum.

"Ita jikokina ka sha," ya ce a hankali. Ya tambaye ni ko tabbas ne. Na ce ban tabbatar ba sai an gwada, amma da jikokina ne ba zan jira gwaji ba. Ya rufe akwatin da hannunsa, ya sa aka mayar da makulli.

"Ku yi sauri. Kada ku tsaya wa kowa sai Maradun."

Ana kiran la'asar muka shiga Talata Mafara. Malam Bawa ya kashe mota a ƙofar gidan Malama Rabi, ya kifa kansa a sitiyari ya daɗe. Na ba shi haƙuri. Ya ce ya ji, amma kada in sake yi masa haka. Na yi masa alkawari.

Juma'a: gida

Mun bi ayarin safe, mun shiga Gusau sha ɗaya saura. Na kai akwatin ɗakin gwaji kafin in je gida. Bayan mako uku sakamako ya fito: gubar da ke cikin tsintar ta ninka ta kasuwa nesa ba kusa ba, kuma da aka haɗa da kofi huɗu a rana da nauyin Na'ima, abin ya wuce duk iyakar da muke aiki da ita. An janye rahoton, an ƙara tambaya ɗaya a takardarmu: wace gyaɗa ake ci a gida?

Ina godiya ga Allah da ya kai mu ya dawo da mu. Ina godiya ga Malam Bawa da ya jira, da Malama Rabi, da matan da suka buɗe mana ƙwaryarsu ba tare da kunya ba. Malama Rabi ta kira ni ta ce Saratu ta kawo Na'ima asibiti, kuma Malam Isa na cire tiya ɗaya ta mai kyau daga kowane buhu don kunun yarinyar kafin ya ɗinke bakin buhun. Sauran gidaje biyar ɗin har yau ba a kai musu sakamakon ba, domin tun satin da muka fito babu motar da ke shiga.