Kwandastan Soket Mai Baki Huɗu

Kafin motar farko ta fara lodi, Baba Kwandasta ya riga ya share ɗakin jira na tasha, ya daidaita bencina, ya goge soket ɗin da ke jikin bango da busasshen tsumma. Daga nan sai ya jawo kujerarsa ya zauna a gefensa. Soket ɗin baki huɗu gare shi. Ɗakin kuwa cika yake yi maƙil, kowa da wayar da ke gargarar mutuwa. Ƙarshen watan nan Baba zai ajiye aiki.

Sunan ya biyo shi ne daga sana'arsa ta da. Ya daɗe yana rataye a ƙofar bas, har gwiwa ta ce ta gaji, aka dawo da shi ɗakin jira. Shara aka ba shi da kula da kayan fasinja. Ba wanda ya ce masa ya kula da soket.

Matsalar kowa ya san ta. Akwai caja mai ladabi, siririya, ta shiga wurinta ta bar maƙwabta su sha iska. Akwai kuma mai ƙaton kai, wadda in ta zauna sai ta rufe baki ɗaya da rabi, ta bar sauran rabin yana leƙen ka. Ban san mai ƙera su ba, amma na tabbata bai taɓa raba tabarma da ƙani ba.

An zagi iyaye a kan wannan rabin bakin. An sha zare wa mutum waya yana banɗaki. Rannan wasu ƙarti biyu suka kama kokawa har gilashin taga ya tarwatse. Manaja ya zo ya tsaya a kan ɓarnar.

"Baba, mu tafiya muke sayarwa, ba wuta ba," in ji shi. "Aka ƙara faɗa ɗaya a kan abin nan, zan sa a cire shi a shafe wurin da siminti."

Baba ya san wanda zai sha wuya in aka yi hakan. Tsohuwar nan ce da za ta sauka a garin da ba ta sani ba, lambar ɗanta tana cikin wayar da ta mutu.

Da farko ya hana masu ƙaton kai gaba ɗaya. Abin bai yi ba, don faɗan kansa ya dawo. Sai ya koma ga abin da ya iya, ya mai da soket mota, cajoji fasinjoji. Mai ƙiba ta tafi bakin ƙarshe, inda tumbinta zai zuba waje. Wadda duk da haka ta ci kujera biyu, dole mai ita ya ɗauki wani a cinya. Yawancin manyan na masu kwamfuta ne, kwamfuta kuma tana da ƙofar da waya za ta sha wuta.

"Yallaɓai, taka kujera ɗaya ta yanka ta zauna a biyu," haka yake ce musu. "Karɓi wayar baiwar Allah nan ka goya."

Wasu su yi dariya, wasu su ɓata rai. Duka suna karɓa.

Mai yankan tikiti ce ta ba ni labarin ranar da abin ya kusa lalacewa. Manaja yana cikin ɗakin yana duba rufin da ke yoyo, sai wata mata ta shigo da 'yarta, numfashin yarinyar yana fita da ƙyar. A jakarta akwai na'urar shaƙa magani, fuloginta kamar dunƙulen hannu, sai an ba shi baki biyu. Soket kuwa a cike: mai kwamfuta a wannan ƙarshe da wayar wani a goye, wata tsohuwa a wancan, a tsakiya wani direba da ake kira Tirela da wani saurayi.

"Mara lafiya ta shigo, na tsakiya su sauka," in ji Baba.

Tirela ya zare tasa yana gunaguni. Saurayin ya ɗora hannu a kan cajarsa.

"Kiran aiki nake jira, Baba. In ta mutu, na mutu. Ba na cirewa."

Tirela ya miƙe yana naɗe hannun riga. Manaja ya daina kallon rufi.

Baba ya shiga tsakani da gurguwar gwiwarsa. "Tirela, koma gareji, ba a kira ka ba." Ya juya ga saurayin. "Ɗana, wa ya ce ka sauka daga mota? Canjin kujera ne." Sannan ya dubi mai kwamfuta.

"Ai na goya ɗaya," in ji mutumin. "Ɗaya ƙofar tawa wayar ce a ciki."

"Taka ta ƙoshi tun ɗazu, ina ganin ta. Cinya biyu Allah ya ba ka, ranka ya daɗe."

Ɗakin ya fashe da dariya, har shi mai kwamfutar. Ya cire tasa, saurayin ya koma gefensa, na'ura ta fara gurnani. Kafin a kira motarsu, yarinyar tana neman a saya mata biskit. Manaja ya juya ya fita.

Bayan 'yan kwanaki sai ga mai gyaran wuta da guduma da kurfi. Baba ya tashi ya tsaya a gaban soket, tsintsiya a hannu.

"Ba a yi faɗa ba. Ina da shaidu."

"Matsa, Baba. Ƙari aka ce in yi."

Baba bai matsa ba sai da aka yarda shi zai auna. Tsakanin kowane baki da ɗan'uwansa ya sa tafin hannunsa guda. Yanzu baki takwas ne a bangon, kowanne da filinsa. Satin da aka gama, wani ya zo da cajar da ta rufe biyu duk da haka. Baba ya zagaya ta yana kallo, ya ce wannan sai a sa ta a but ɗin mota.

Na zauna a tashoshin ƙasar da na yi karatu, inda kowace kujera da soket ɗinta. Wuta ta wadata a can. Amma ban ga inda baƙo ya riƙe wa baƙo waya ba sai a ɗakinka, Baba. Kai ne ka ɗauki aikin da ba a ba ka ba, ba a ƙara maka komai a kansa ba, ka yi shi har hukuma ta bi bayanka. Kai ne mai raba kujera ba a daku ba.

Na tambaye shi me zai yi da hutun. Ya ce a gidansa soket ɗaya ne, jikoki kuwa sun fara riƙe waya, don haka hutu sai dai a ji a bakin wasu.

Mun gode, Baba. Allah ya hutar da gwiwar nan, ya ba mai gadon kujerarka rabin haƙurinka. Ku kuma da kuka karanta, kafin ku soka caja a bangon da ba naku kaɗai ba, ku dubi bakin da ke gefe. In taku mai ƙaton kai ce, kada ku jira sai an ce ku goya.