Bahmal, Matar Uriyel

Ranar da aka fita da gawar mijina Rahmin, na yi kuka har kallabina ya zame, gashina ya fito, ga maza cike da tsakar gida. Ni ban ma sani ba. Sai na ji wata ta tsaya a gabana ta kare ni da jikinta, ta mayar mini da shi, ta ɗaure tamau a ƙeya. Ta ce a kunnena, "Yi kukanki, Husni, ba wanda ya gani." Bahmal ce, maƙwabciyarmu mai ɗinkin barguna.

A unguwarmu ta Yahudawa a Samarkand, mace in ta shiga ɗakin miji ta rufe kai ke nan. Bahmal ta rufe nata saboda Uriyel marini, wanda ko shuɗin hannunsa ba ta gama sabawa da shi ba aka kwashe su zuwa yaƙin Jamus, shi da Rahmin a mota ɗaya. Rahmin ya dawo yana jan ƙafa. Uriyel kuwa sai takardar gwamnati, wai ya ɓace.

Dattawa suka kai Rahmin gaban malaminmu, Mullo Pinhas, ya ba da shaidar mutuwar Uriyel. Ina bayan labule tare da Bahmal. Rahmin ya ce suna haye wani babban kogi ne a kan itatuwan da aka ɗaure, aka harbo su, ya ga Uriyel ya faɗa ruwa da kayansa masu nauyi, kansa ya nutse, bai sake tasowa ba.

"Ka ga gawarsa?" in ji Mullo.

"Ban gani ba."

"Ruwan fa, kana ganin iyakarsa ta kowane gefe?"

"Haba Mullo, kogi ne fa, ba kududdufin bayan gidanku ba."

Mullo ya daɗe yana jan gemu. Ya ce da tafki ne da ido ke kewayewa, da yau ya kwance wa Bahmal igiyar auren. Amma ruwa mai tafiya, wa ya san inda ya fitar da mutum da rai? A Attaura, Bahmal matar aure ce har sai an sami wanda ya ga fuskar mamacin. Ba da son ransa ya faɗa ba, ba mugun mutum ba ne. Bahmal ta damƙe mini hannu har farcenta ya shige ni.

Daga nan ta zama ga ta nan dai. Ba ta keta riga ba, ba ta zauna a ƙasa kwana bakwai ba, ba ta ɗaura farin kallabin makoki ba. Mu kowa da ranar mamacinsa, shekara ta zagayo a yi yushwo, a kira mutane goma su yi addu'a, a ci abinci da sunansa. Ita in ta yi haka ta kashe mijinta da bakinta. Masaƙar silikin da take aiki ma ta bari, don ana aiki ran Asabar, ranar hutunmu, kuma shugabar mata ta ce kallabi kayan jahiliyya ne. Ta koma gida da allura da auduga, riga har wuyan hannu ko da zafi na gasa mutane.

A bakin famfo Zulaiho mai kaifin baki takan ce, "Wai Bahmal, wa kike ɓoye wa gashin nan? Kifaye?"

"Ke da naki yake waje rabi, wa ya taya?" in ji Bahmal. Mata su kwashe da dariya, ita ma ta yi, ta ɗauki bokitinta.

Ni na san gashin, a gidan wankan mata. Baƙi wuluk, har gadon baya. A gabana ya fara furfura, ta gefen hagu.

Sai Manashe wanzami ya fara kawo mata barguna gyara, bargunan da ba abin da ya same su. Matarsa ta rasu ta bar masa 'yan mata biyu. Na lura Bahmal ta fara sa kwalli ran Juma'a. Ya ce su je ofishin gwamnati a ɗaura musu aure, can ba ruwansu da kogi. Ta ce gwamnati ba ita ta ɗaura na farko ba.

Wata rana da la'asar ya shigo gidanmu, ya sami Rahmin a ƙarƙashin inabi. Ya ce, "Yaya Rahmin, kalma ɗaya ce. Ka ce washegari ka ga gawar Uriyel a bakin gaɓa, yanzu ka tuna. Kai ma ka san ya mutu. Ka ji tausayin baiwar Allah."

Rahmin ya sunkuyar da kai, na ga ya kusa yarda. Ashe Bahmal ta ji ta kan katanga. Ta shigo da allura a hannu, ko takalmi babu.

"Manashe, tashi ka tafi shagonka. In ya faɗi ƙaryar, ni zan kunna fitilar Asabar a gidanka ina sane? In haifa maka ɗa ina kallonsa ina sane?"

"To ki mutu a haka?"

"In haka aka rubuta."

Ya fita yana share ido da hularsa. Kafin hunturu ya auro wata daga garin Kattakurgan. Bahmal ta daina sa kwalli.

Amma ba ta daina zuwa wurin Rahmin ba. Duk shekara gab da Idin Ƙetarewa takan kawo masa shayi, ta zauna nesa kaɗan, ta ce, "Yaya, sake ba ni labarin. A hankali." Ya sake, yadda yake, ba ƙari. Takan kafa masa ido ko wani abu zai faɗo wanda bai taɓa faɗowa ba. In ya gama ta ce ta gode, ta gyara kallabi ta tafi. Da muka binne Rahmin, mun binne mutum na ƙarshe da ya ga Uriyel. Ta san haka sa'ad da take tsaye a gabana tana kare ni.

Da shekara ta kusa zagayowa ina tsintar shinkafar yushwon Rahmin, Bahmal ta shigo ta tsugunna ta sa hannu a faifan.

"Husni, zan roƙe ki abu. Kada ki gaya wa Mullo."

Na ce ina ji.

"Ki bar ni in soya kifin yushwon nan, ni kaɗai, kowace shekara. In maza sun fara addu'a zan tsaya a bakin murhu. Sunan mijinki za su kira, ni ba zan buɗe baki ba, ba zan ce kowa ya mutu ba. Ke kina da rana, ƙanwata. Ki ɗan matsa mini in tsaya a gefenta."