Rayuwar Malama Hamida Sharhabilu Mai Ɗakin Kati

Haihuwa da Karatu

An haifi Malama Hamida a garin Aujara a shekarar 1961, a gidan Malam Sharhabilu mai makarantar allo da maiɗakinsa Iya Luba. Ta sauke Alƙur'ani a hannun mahaifinta, ta kammala firamare a 1974, sannan ta sami horo kan adana bayanan marasa lafiya a Kano.

Aure da Jarrabawa

A 1982 aka ɗaura aurenta da Malam Misbahu, malamin firamare. Bayan haihuwarta ta uku, a 1988, Allah ya jarrabe ta da taɓin hankali tun ba ta gama wankan jego ba. Aka yi rubutu, aka yi hayaƙi, har tsawon wata goma sha huɗu, kafin mijinta ya kai ta asibiti a Kano, hannuwanta ɗaure da igiya. Abin da ya fi tsaya mata a rai daga wannan rana shi ne, duk wanda ya karɓe su sai ya tambayi mijinta sunanta, alhali tana zaune tana ji. Ta sami sauƙi cikin wata shida, ba ta kuma taɓa wasa da magani ba.

Aiki a Dutse

Da aka ƙirƙiro Jihar Jigawa a 1991, iyalin suka koma unguwar Limawa a Dutse. A 1993 aka ɗauke ta aiki a ɗakin kati na sashen masu taɓin hankali a wani asibiti, inda ita ce farkon wadda ake tararwa. Ƙa'idarta ɗaya ce: ba ta rubuta komai sai majinyaci ya faɗi sunansa da bakinsa, ko da za a jira rabin sa'a. Idan dangi suka fara ɓoye-ɓoye don kunya, sai ta ajiye biro ta ce, "Baba, ku faɗi gaskiya. Ni ma da igiya aka kai ni." Bayan ƙaddamar da shari'a a 2000, iyaye da dama sun kawo 'ya'yansu masu shan ƙwaya cikin fargaba, kuma da wannan magana take kwantar musu da hankali.

Auren Lauratu

Maganar ta yi tasiri, ta kuma bazu. A 2003 dangin mai neman babbar 'yarta, Lauratu, suka yi bincike kamar yadda aka saba, suka ji cewa akwai hauka a gidan, suka janye. 'Yan'uwa suka roƙi Malama Hamida ta rufa wa 'ya'yanta asiri ta daina faɗa. Ta yi kwana arba'in ba ta faɗa wa kowa ba, sai ta lura dangin majinyata sun koma yi mata ƙarya, ta yi istihara, ta ci gaba.

A 2004 Abdulrauf, ɗan garin Miga, ya fito neman Lauratu. Kawunsa Alhaji Lado bai tambayi maƙwabta ba. Asibitin ya zo, ya zauna a benci tun hantsi har azahar yana kallon aikinta, bai gabatar da kansa ba. Da ya koma gida ya ce, "Wadda take tona nata asirin don wani ya warke, me kuma za mu binciko?" Aka ɗaura aure bayan Babbar Sallah. Daga baya ƙannen Lauratu biyu ma suka yi aure ba tare da an tayar da maganar ba.

Rasuwa

Malama Hamida ta rasu ranar wata Laraba a watan Sha'aban na 2009, bayan gajeriyar jinya ta hawan jini, tana da shekara arba'in da takwas. An yi mata sallah a Limawa bayan la'asar, aka kai ta makwancinta a Dutse. Ta bar mijinta da 'ya'ya huɗu: Lauratu, Abdulkahar, Rabi'atu da Ummi. A zaman makoki an ga mutane masu yawa waɗanda iyalin ba su sani ba. Sun yi ta'aziyya ba su faɗi inda suka san ta ba, ba a kuma tambaye su ba. Allah ya haskaka kabarinta.