Makanikin da Ya Daina Jin Inji

Baba Kunne ake ce masa a garejin, don a zamaninsa mota na shigowa zai faɗi ciwonta tun direba bai kashe ta ba. Sai jin ya fara tafiya. Da fari ya ce mutane ne suka koyi magana ƙasa-ƙasa. Matarsa ta tambaye shi ko har da rediyo. Ranar da ya sallami wata mota injinta na ƙwanƙwasa bai ji ba, mai gareji ya fara zancen bai wa wani rumfarsa.

Bai yi musu ba. Ya nemo tsohuwar kwamfuta da wayar da ake sokawa ƙarƙashin sitiyari, ya koma ɗalibi da furfurarsa wurin masu gyaran ƙwaƙwalwar mota, na'urar da ke sarrafa inji. Mai fenti na rumfar gefe ya samu abin tsokana, wai tsoho ya shiga boko, saura jakar goyo.

Aikinsa na farko motar mijin 'yarsa ce. An sa mata sabuwar ƙwaƙwalwa, sai an rubuta mata bayanan da za ta gane inji da makulli. Mai gareji ya zo kallo, hannu a baya. Sharaɗin aikin guda ne: in an fara, kada batir ya yi sanyi, in ba haka ba ƙwaƙwalwar ta mutu murus. Shi ya sa ake jona batir da caja, masu ji kuwa ƙuginta suke saurare. Shi tuɓe takalmi ya yi, ya ɗora tafin ƙafa a kanta.

Rubutu ya wuce rabi, sai rawar da ke ƙarƙashin ƙafarsa ta ɗauke. Mai fenti ne ya zare soket ɗin cajar zai jona injin feshi, 'yan kallo kuwa hira ta ɗebe su.

"Mai kwalliya, maido min wutata, in ba gawa kake so ka fenta ba," in ji Baba.

Mai fenti ya mayar da sauri, yana rantse-rantse. Batirin ya riƙe da ƙyar har aka kammala. Surukin ya murɗa makulli, Baba ya dafa bonet ya lumshe ido.

"Ta tashi, Baba," in ji surukin daf da kunnensa.

"Na sani. Amma canza mata filogi ɗaya, ɗingishi take."

Mai gareji ya zagayo ta gabansa, inda zai ga bakinsa, ya tambaya a hankali ko gobe yana da sarari, akwai wata mota da ta hana shi sakat.